Buhun Riɗin da Na Kai Jidda

Ranar da kaset ɗin Siddiƙu ya iso gidanmu a Gadarif ta ƙasar Sudan, mu shida ne a ƙarƙashin rumfa. Da ni. Da ɗan farina, wanda ba na kama sunansa, mutane na ce masa Na-Doka saboda a bukkar gona aka haife shi can wajen Doka. Da matarsa Batula, tana soya gahawa a kasko. Da Baffa Ilyasu, ƙanen maigidana marigayi, wanda ba a taɓa gayyatarsa ba, ba a kuma taɓa rasa shi ba. Da maƙwabciyata Sakina, don rakodar tata ce, kuma ba ta ba da aronta sai ta biyo ta. Na shidan Hamad ne, direban lorin da ya kawo kaset ɗin daga bakin teku. Ya ce kofi ɗaya zai sha ya wuce, bai tashi ba sai da muryar ta ƙare.

Siddiƙu autana ne. Shekararsa uku a Jidda, tun lokacin da ake tare motoci ana kwashe samari zuwa yaƙin Kudu. Ni na sayar da awarwarona na sa shi a hanya. A can ya samu aiki a shagon kwamfuta. Ya san ba na karatu, don haka murya yake aiko mini, ba takarda ba.

Ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, har akuyar gida. Sannan maganarsa ta yi sauri, irin saurin da yake yi tun yana ƙarami in ya yi ɓarna ko yana shirin yi. Ya ce ya shiga tarayya a wani kamfani na intanet, abin da ya zuba bara ya ninka, ya sake ninkawa. Ya ce, "Inna, ku buɗe matmura, duka ukun. Ku sayar da dawar ku aiko mini. Kafin kaka biyu Yaya zai hau tarakta tasa ta kansa."

Matmura rami ne da muke haƙawa a tudu, a shimfiɗa ƙaiƙayi, a zuba dawa, a rufe da ƙasa, har mai wucewa ba zai san yana taka abinci ba. Uku muke da su, kowace da shekararta, irin shukarmu yana cikin sabuwar. Maigidana a hannuna ya bar su, ba a hannun 'ya'yansa ba, don ni da shi muka ga shekarar yunwa, kuma a shekarar muka binne 'yarmu ta biyu.

Na dubi Na-Doka. Na ga yadda yake zana ƙasa da tsinke. Taraktar ta riga ta shige masa ido.

Baffa Ilyasu ya ce, "To shi wannan intanet ɗin, a mudu ake auna shi ko a buhu?"

Hamad ya ce, "A waya yake tafiya, ya Haj. Kamar tarho, amma da hoto."

"To ku tura masa dawar ta wayar mana, a huta da kuɗin lori."

Na bari suka gama dariya. Na ce, "Ba wanda zai sa shebur a kan ramin nan sai na ga mutumin da ɗana ya shiga tarayya da shi. Ubanku bai taɓa haɗa dukiya da wanda bai ci abincinsa ba."

Baffa ya ce, "Ke, matar Yaya? Ke da ko Kasala ba ki taɓa zuwa ba? Teku fa ba tafkin bayan gari ba ne."

Na ce, "Ai shi ya sa ba kai na aika ba."

Aka samo mini bizar umrar azumi cikin ayarin mata. Na zaɓi farin riɗi rabin buhu, na sheƙe shi da hannuna, na tsince tsakuwarsa, don shi ne gaisuwar mai kamfani. Ba a zuwa wa abokin tarayya hannu rabbana.

Ba zan ba da labarin koke-koken ƙofar gida ba. Tafiyata a Sawakin ta fara, tashar jirgin ruwa a bakin teku.

Wakilin da ya karɓi kuɗinmu mai farar jallabiya ne da dogon carbi, kowace tsohuwa "ya walda" yake ce mata, wato uwa. Ya karɓi na ɗaki a cikin jirgi, mai gado da fanka. Tun a hanya na lura ba ya zama sai inda yake ganin ƙofa, kuma in aka yi masa tambaya sai ya amsa wa wadda ke kusa da mai tambayar. Na lura, amma na riga na biya. Rana ta huɗu a Sawakin muka neme shi muka rasa. Allah ya sa ya bar fasfonmu wajen wata mai shayi, da tikitin saman jirgi, inda ba gado ba inuwa.

Kwana tara muka yi muna jiran jirgin. Zafin Gadarif na san shi, busasshe ne, yana da mutunci. Na Sawakin jiƙaƙƙe ne, ya manne wa mutum a wuya kamar ƙoƙon koko. Ruwan sha a jarka ake sayarwa, da gishiri-gishiri. Mai shayin nan 'yar ƙabilar Hadandawa ce, siririya, da zobe a hanci. Larabcinta kaɗan ne, ni kuma ba na jin yarenta. Ta ga ina kwana zaune a kan buhuna, sai ta ɗage labulen buhunan da ta kewaye murhunta da su, ta nuna mini bayan rumfar. A nan na ƙarasa kwanakin. Ba ta karɓi ko girshi ba. Da zan tafi na auna mata riɗi mudu guda, ta ɗebi tafin hannu ɗaya ta mayar da sauran. Har yau ban san sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

A ƙofar shiga jirgi wani ma'aikaci ya soka ƙarfe a buhun. Ya ce amfanin gona ba ya fita sai da takarda, in bar shi nan. Na haye kan buhun na zauna.

Ya ce, "Tashi, ya Hajja, kina tare layi."

Na ce, "Kira mini babbanka."

"Ni ne babba a nan."

"To kira mini uwarka. Da ita zan yi magana."

Mutanen layi suka fashe da dariya, shi ma ya kasa riƙe tasa. Ya ɗebi mudu biyu, wai na gwaji, ya ce in wuce. Na ɗaure bakin buhun da ya ƙara ramewa.

A saman jirgi na shimfiɗa tabarmata kusa da wata mata 'yar arewacin ƙasa, mai ƙiba, da lalle har gwiwar hannu. Ta dube ni, ta dubi buhun, ta ja shimfiɗarta gefe, ta ce wa 'yar'uwarta, "Takarir da kayansu, ko Aljanna da buhu za su shiga." Da Larabci ta faɗa, tana zaton ba na ji. Takarir suke kiranmu, mu da kakanninmu suka zo daga yamma. Ni kuwa a Gadarif aka haife ni, a nan aka haifi uwata. Kakana ne ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa, Makka ya nufa. Ya tsaya noma don ya samu guzuri, damina ta bi damina, har aka binne shi a baƙar ƙasar nan bai ga teku ba. Na gyara zaman buhuna. Na ce a raina, ni dai tafiyar kakana nake ƙarasawa.

Da rana ta yi tsaka iska ta taso. Jirgin ya riƙa hawa yana sauka, cikina ya juye. Ni da na haifi bakwai ban yi kuka ba, na kwanta ina nishi kamar akuyar da ta ci rogo. Na rufe ido ina ganin gonar Doka bayan ruwan farko, ƙasar ta haɗe tsagarta, tana ƙamshi. Sai na ji hannu a goshina. Matar nan ce. Ta ɗora kaina a cinyarta, ta yanka lemon tsami ta kara mini a hanci, ta kare ni daga rana da gefen tobinta, babban mayafin nan nasu. Har muka hango Jidda ba ta ɗaga ba. Ba ta ba ni haƙuri kan maganarta ba, ni ma ban nema ba. Da za mu rabu na zuba mata riɗi a ɗankwali, ta karɓa.

Siddiƙu na tsaye a bakin tashar, ya rame, da wando da 'yar riga kamar ma'aikacin banki. Ya durƙusa ya riƙe hannuna. Na duba wuyansa da idanunsa, na ga ba ya cin abinci sosai, ba ya barci sosai. Ya sauke ni a gidan wata 'yar garinmu, Hajiya Kaltume, a tsohuwar unguwa inda Hausawa suka yi yawa. Ya kai ni Makka na yi umrata. Abin da na ji da na ga Ɗakin, nawa ne, da ni da kakana.

Da muka dawo na ce, "To, gobe ka kai ni gidan mai kamfani. Ka samo mota, buhun nan da nauyi."

Ya tsaya yana kallona. "Wane mai kamfani, Inna?"

"Abokin tarayyarka. Na kawo masa gaisuwa."

Ya fara dariya, ya ga fuskata, ya haɗiye ta. "Inna, kamfanin a Amurka yake. Tekuna biyu ne tsakaninmu. Ban taɓa ganinsa ba, shi ma bai san da ni ba. Hannun jari na saya. Mu dubbai ne, kowa da ɗan yankinsa."

Hajiya Kaltume ta ce daga bakin murhu, "Sai ki sa riɗin a kwamfuta, Yaya, ya isa kafin la'asar."

Ban yi dariya ba. Kunya na ji, irin wadda ban ji ba tun ina amarya. Na tsallaka teku da buhu don in gai da mutumin da ba ya nan. Amma kunyar ba ta hana ni tunani ba. Na ce, "To in ba zan ga mutum ba, zan ga gonar. Ka kai ni inda kake kallonta."

Bayan shagonsu akwai ɗan ɗaki mai sanyin na'ura. A nan wani Ba'indiye mai furfura yake zama, Abdulƙadir, shi ke riƙe da takardun shagon. Musulmi ne, Larabcinsa gutsi-gutsi, kamar carbin da ya tsinke. Su biyar ne suka haɗa kuɗi suna saye ta banki da sunan mai shagon, don fasfonmu na Sudan ba ya shiga wannan kasuwar. Sai da na sa aka kira mai shagon ya faɗa da bakinsa, a gaban mutum biyu, cewa rabon Siddiƙu na Siddiƙu ne. Sannan na zauna a kujera na ce a nuna mini.

Siddiƙu ya nuna mini wani layi a gilashin, yana hawa kamar hanyar tururuwa a bango. Ya ce wannan kuɗin hannun jarin ne.

Na ce, "Me kamfanin yake sayarwa?"

"Ba ya sayarwa. Kyauta yake bayarwa. Akwatin wasiƙa, labarai, wurin hira. Kullum mutane ƙaruwa suke, Inna, kamar fari."

"Wa ke biyan ma'aikatansa?"

"Kuɗin masu sayen hannun jari."

"Wato ku."

"Yanzu lokacin girma ne. Riba tana gaba. In ya tara duniya duka, sai ya fara karɓa."

Sai na tuna gona. Duk wanda ya yi noma a ƙasarmu ya san adar. Ciyawa ce mai kama da dawa sak, tare suke tsira, ganye ɗaya, launi ɗaya. Baƙon ɗan ƙwadago yakan bar ta ya cire dawar, don ta fi dawa saurin tashi, ta fi ta tsawo, ta fi ta kyau a ido. Har kai takan fitar. Amma kanta sako-sako ne, kafin lauje ya iso ta zubar da 'ya'yanta a ƙasa. Ba abin da ke shiga buhu. Na yi shekara arba'in ina bin kunya ina tuge ta.

Na ce, "Wannan adar ne."

Abdulƙadir ya tambayi ma'anar, Siddiƙu ya fassara masa cikin fushi. Tsohon ya gyaɗa kai irin nasu, hagu da dama, ya danna wani abu. Wani layin ya fito, shi ma yana hawa, amma bai kai na farko tsaye ba. Ya ce shi nan ya sa nasa, kuma ya matsa wa Siddiƙu ya sa kaɗan. Kamfani ne mai sayar da kaya, mutum ya zaɓa a kwamfuta a aika masa har gida.

Na ce, "Shi yana raba riba?"

"Mafi riba, Mama," in ji shi. Wato babu.

Na ce, "To duk adar ne." Na tashi na tafi.

Amma abin bai bar ni ba. Kwana biyu ina juya shi, na koma. Na riƙa zuwa bayan azahar ina zama a kujerar nan, ina tambaya, Siddiƙu yana fassarawa yana tsaki.

"Mai sayen kayan yana biya?"

"Yana biya kafin a aika masa."

"Wanda ya saya yana dawowa?"

"Yana dawowa."

"In an cire kuɗin kayan da na ɗan aike, akwai abin da ke saura?"

Abdulƙadir ya haɗa yatsu biyu. Kaɗan.

"Ina kaɗan ɗin yake zuwa?"

"Sito suke ginawa. Su gama wannan su fara wancan. Har su ƙara da na wasu."

A nan maigidana ya faɗo mini. Lokacin da ya sari dajin Doka, shekara uku gonar tana ba da dawa, mu kuwa muna cin tuwo sau ɗaya a rana. Duk abin da aka casa sai ya mayar iri, ya ƙara saran daji, ya ƙara 'yan ƙwadago. Na yi masa faɗa har na yi yaji sau ɗaya. Mutane na cewa gonar Malam ba ta da riba. Amma ni na ga dawar da idona, ta shiga buhu kafin ta koma ƙasa. Rashin cinmu zaɓi ne, ba rashin amfani ba. Waccan gonar ce ta cika matmura uku.

Na ce wa Siddiƙu, "Duka biyun ba sa ba ka ka ci. Amma ɗaya yana casa yana mayarwa ƙasa. Ɗayan bai taɓa ganin masussuka ba. Kai kuma a na biyun kake so in zuba abincin gidanmu."

Ya tashi tsaye. Ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba sai ranar. "Inna, kin san nawa ƙwari suke ci a ramin nan duk shekara? Kin san nawa danshi yake ɓatawa? Dawar shekara uku wa zai saye ta da daraja? Kuna zaune a kan rami duniya tana wucewa. Yaya zai tsufa yana hayar taraktar wani, sai kowa ya gama shuka a zo masa!"

Abdulƙadir ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Na ce, "Zauna." Ya zauna. Na ce, "Maganar ƙwari gaskiya ce. Maganar yayanka gaskiya ce. Amma ba zan buɗe ba."

Sati biyu bai zo gaishe ni ba sai a tsaitsaye. Riɗin kuwa, abin da ya saura, Abdulƙadir na kai wa, don shi kaɗai ne fuskar da na samu a wannan tarayyar. Washegari da buɗa-baki ya kawo mini shinkafa da kifi a ɗan kwanon silba mai hawa uku, da yaji har hawaye. Na cinye. Na ci abincinsa ke nan.

Bizata ta ƙare da ƙaramar Salla. Na ce ban zo bakin Makka in koma ban yi hajji ba, kuma ban ga ƙarshen wannan shuka ba. Na zauna, kamar yadda tsofaffi da yawa suke yi. Zaman ɓuya ne. In an ji motar masu duba takardu ta shigo unguwa, sai a rufe ƙofa a hana yara motsi. Ba na son cin abincin Kaltume a banza, sai na karɓi kaskonta ina yin kisra, siririyar wainar dawa ta ƙasarmu, ana kai wa 'yan Sudan masu aikin gini. Garin dawarsu na kanti ne, ba ya tsami yadda ya kamata. Wata rana wani magini ɗan Basunda, can yankinmu, ya aiko a gaya wa mai kisrar nan ta sa shi kuka. Ni ma a kan kaskon nake nawa, in ce hayaƙi ne. Na yi kewar carar zakaran gidana, da ƙarar lorori a kasuwar hatsi, har surutun Baffa Ilyasu na yi kewa.

Duk wannan lokacin layin Siddiƙu hawa yake. Yakan zo ya ce, "Inna, da kin buɗe, da yanzu an yi tarakta biyu." Nakan ce, "Na ji." Ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da na ce a raina ko ni ce baƙon ɗan ƙwadagon.

Allah ya nufa na yi hajjina. Ba a daɗe da dawowarmu daga Mina ba, wata la'asar, Siddiƙu ya shigo ya zauna a bakin ƙofa bai yi sallama ba. Fuskarsa ta yi toka.

"Ya faɗi, Inna. Kullum faɗuwa yake. Gumin shekara biyu."

"Wanne?"

"Duka. Har na Abdulƙadir. Gobe zan sayar da komai, in tsira da abin da ya saura."

Na juye kisrar da ke kan kasko, na sauke, na yafa mayafina. Kaltume ta ce, "Yaya, motar nan tana yawo yau." Na ce, "Ta yi ta yawo."

Na tarar da Abdulƙadir yana shan shayi. Ban dubi gilashin ba, shi na duba.

"Mai kyautar nan, me yake ciki?"

Ya ce sun fara sallamar ma'aikata, kuma ba mai ba su sabon kuɗi.

"Mai siton fa? Masu saye sun gudu?"

"La, Mama. Sun fi bara."

"Suna biya?"

"Suna biya."

"Kaɗan ɗin nan yana nan?"

Ya sake haɗa yatsunsa biyu. Yana nan. Amma ya ce in sani, sun ci bashi mai yawa wajen ginin, zai iya kayar da su. Na ji daɗin da bai ɓoye mini ba.

Na juya ga Siddiƙu. "Ka tuna shekarar da ruwa ya ɗauke kwana ashirin bayan shuka? Dawa ta naɗe ganye kamar ta mutu. Maƙwabta suka sake kafta gonarsu. Ubanka ya tona gindi ɗaya, ya ga saiwar da rai, ya ce a bar ta."

"Wata shekarar ai ya bari ta mutu, Inna."

"Ta mutu. Shi ya sa muke da rami." Na ce, "Gobe ka sayar da adar ɗinka, ko nawa aka ba ka. Ba zai shiga buhu ba. Na siton ka bar shi."

Ya ɗago. "Ke ce kike cewa in bari?"

"Ni ce. Kuma yanzu da ya yi araha, nawa ne?"

Abdulƙadir ya ajiye kofinsa ya dube ni sosai. Siddiƙu ya ce, "Inna, kowa gudu yake."

"Lokacin da kowa ke rububi ka ce in shiga. Ni ban taɓa sayen iri ranar da kowa ke nemansa ba." Na ce, "Tsohuwar matmura, ta shekara uku, dama ta isa buɗewa, kai ka faɗa, ƙwari na ci. Ita kaɗai za a buɗe. Rabi na yayanka, ya kama taraktar haya tun kafin ruwa, kada a zo masa a ƙarshe. Rabi a sa a mai sito. Sauran biyun, da abincinmu da irinmu, ko layin nan ya taɓa sama ba za a taɓa su ba. In wannan rabin ya tafi, ya tafi. Ba zai tafi da tuwon kowa ba."

"Zai iya shekara biyar bai ba da komai ba."

"Na yi uku da ubanka ina cin tuwo sau ɗaya. Kai ba ka san jira ba, a ƙoshi aka haife ka."

Ya rufe fuska da hannu. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta haɗu da kukan. Ya ce, "Da kin buɗe duka ukun lokacin da na ce..." Bai ƙarasa ba. Ban taya shi ƙarasawa ba. Na ce ya tashi ya raka ni, kuma ya tsaya ya ci abinci a gabana.

Washegari da safe, bayan na idar da salla, na ari rakodar Kaltume. Na juya kaset ɗin Siddiƙu, wanda na taho da shi ƙulle a bakin zanena tun daga Gadarif, na sa bayansa da babu komai. Na gai da Batula da yara, na gai da Sakina na ce ta yi haƙuri ta sake kawo rakodarta. Na gaya wa Na-Doka ramin da zai buɗe, wanda ke kusa da aduwa, da biyun da ba zai kusanta ba. Na ce ya tanadi 'yan ƙwadagon da suka san adar. Na ce a gaya wa Baffa Ilyasu na ga teku, ya fi tafkin bayan gari kaɗan, kuma intanet ba a mudu ake auna shi ba, amma na auna shi. Sannan na kashe rakodar, na kai kaset ɗin tashar jirgi da kaina, na dawo na hura wuta, don maginan nan suna jiran kisrarsu.